Tiyatar ƙwaƙwalwa ido biyu: Bai kamata tsoron farfaɗiya kaɗai ya zaɓi maganin barci ba

A shekarar 2020, bidiyon wata mata da ke kaɗa gogen Turawa yayin da likitoci ke cire mata ƙari daga ƙwaƙwalwa a asibitin King's College da ke Landan ya karaɗe duniya. Aikin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1930 Dakta Wilder Penfield yake yi wa masu farfaɗiya tiyata ido biyu a Montreal ta ƙasar Kanada. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin wuƙa, fatar kai ce ake kashewa da allura.

Ana barin majiyyaci a farke ne don likita ya riƙa taɓa sassan ƙwaƙwalwar da ɗan lantarki, shi kuma yana ƙirga ko faɗin sunayen hotuna. Inda magana ta sarƙe, nan ba a yankawa. Matsalar ita ce wannan lantarki na iya tayar da farfaɗiya ana tsaka da aiki, alhali ƙoƙon kai a buɗe yake, kan kuma a ɗaure da ƙarfe.

Daga nan muhawarar likitocin sa barci ta taso, galibi a kan magunguna biyu. Propofol yana kwantar da lantarkin ƙwaƙwalwa, har ana amfani da shi wajen tsayar da farfaɗiyar da ta ƙi lafawa, amma yana danne numfashi. Dexmedetomidine, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, yana sa gyangyaɗi irin wanda ana kiran suna mutum zai amsa, kuma bai cika taɓa numfashi ba, sai dai yana rage bugun zuciya kuma ba ya ba da irin wancan kariya. Wasu bincike sun ga ƙarin farfaɗiya da shi, wasu ba su ga bambanci ba.

Mai saurin yanke hukunci zai ce a rungumi propofol a huta. Wannan kuskure ne, domin haɗurran biyu nauyinsu ba ɗaya ba ne. Yawancin farfaɗiyar da lantarki ke tayarwa gajeruwa ce, hannu ko gefen fuska ne ke karkarwa, kuma da an kwarara ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara a kan ƙwaƙwalwar takan lafa nan take, a ci gaba da aiki. Ɗaukewar numfashi kuwa wata magana ce. Gurɓatacciyar iska kan taru a jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura ta turo ta ƙofar da aka buɗe, ga shi zura bututun numfashi ga wanda aka ɗaure wa kai aka lulluɓe da mayafin tiyata ba ƙaramin aiki ba ne.

Idan kuwa tiyatar don magance farfaɗiyar ce, likita na son ganin ainihin inda take tasowa a na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Maganin da ya danne alamar ya ɓoye masa abin da ya zo nema. Shi ya sa ake tsayar da propofol kafin awon, ake kuma kaffa-kaffa da midazolam.

Ba a ce propofol ba shi da gurbi ba. Wanda ya saba faɗuwa akai-akai, ƙarinsa kuma yana kusa da sashen da ke motsa gaɓoɓi, ya fi kowa shiga haɗari, kuma likitoci da dama kan haɗa magungunan biyu, ko su ajiye propofol a sirinji kusa da hannu.

Abin da ya rage shi ne majiyyacin kansa, tunda haɗin kansa ne jarin aikin. Ya kamata tun kafin ranar tiyata a faɗa masa ƙarara cewa hannunsa na iya karkarwa ba da son ransa ba, bakinsa na iya karkacewa, kuma za a zuba ruwan sanyi abin ya wuce. Wanda ya san da zuwan haka yakan natsu ya ci gaba da ƙirga. Wanda aka ɓoye wa kuwa na iya firgita ya nemi tashi, dole a sa shi barci gaba ɗaya, likita ya ƙarasa yankan ba tare da jin muryarsa ba.