Raddi Ga Masu Tilasta Wa Ɗan Shekara Uku Rubutu

Wani ra'ayi ya yi ƙarfi tsakanin masu makarantun kuɗi da wasu iyaye a Gusau, har ya kai Tsafe da Bunguɗu, cewa makarantar naziri ba ta amsa sunanta ba sai ɗan shekara 3 ya koma gida da littafi cike da baƙaƙe da lambobi, ga aikin gida a kai. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ce a fagen tarbiyya, amma ba ta hau kan ƙashi da jijiya ba, domin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu duk guringuntsi ne a jikin jariri, suna taurara ne bi da bi, na ƙarshensu sai wajen shekara 10. Masana girman yara sun daɗe da lura cewa yawancin yara kan kwaikwayi miƙaƙƙen layi a shekara 2, da'ira a shekara 3, layi biyu masu gicciye juna a shekara 4, zane mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara 5, alhali haruffa irin su A da K da karkatattun layuka ake gina su. Shi ya sa ake ganin malama ta dunƙule hannun yaro cikin nata tana jan fensir, yaron yana kallon taga. Abin da uba ke yabawa da yamma rubutun malama ne.

Ta biyu, suna cewa kakanni ma tun yaro yana ƙarami suke kai shi makarantar allo. Wannan hujja a kansu take komawa. Kolo, wato ƙaramin almajiri, da kunne yake farawa, yana biya Fatiha da gajerun surori bayan malam, sannan a shigar da shi babbaƙu, wato sanin haruffa ba wasali, daga nan farfaru, wato haɗa su da wasulla. A duk tsawon wannan lokaci malam ne ko gardi ke rubuta masa allo, shi nasa nuni da yatsa da wankewa in ya iya. Alƙalami da tawada ba sa zuwa hannunsa sai idonsa ya saba da siffar harafi. Malaman allo sun jinkirta rubutu ne da sani. Yaron yau ma nauyinsa ya fi na jiya, tunda da safe ana koya masa boko daga hagu zuwa dama, da yamma Larabci daga dama zuwa hagu, ga kuma b da d da ɓ da ɗ da ke rikita har ɗan shekara 6.

Ta uku, wai wanda ya riga kama fensir ya riga abokansa har abada. Amma a Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma ba a san ƙasar da koma baya wajen karatu ba. Binciken Sebastian Suggate a Niyu Zilan ya nuna cewa yaran da suka fara koyon karatu a shekara 7 sun cim ma waɗanda suka fara a shekara 5 tun wajen shekara 11.

Inda suke da gaskiya shi ne cewa bai kamata a bar yaro haka nan ba, kuma manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta sa shiga firamare a shekara 6, ta yarda a nuna wa ɗan naziri haruffa da lambobi, amma ta hanyar wasa: zane a ƙasa da tsinke, mulmula yumɓu, tsintar tsakuwa, da sauraren tatsuniya. Saura ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Zamfara da Kwalejin Ilimi ta Maru mai horar da malamai su tsaya kai da fata a daina ba ɗan shekara 3 aikin gida na rubutu.