KUJERAR GWAMNA WATA 10, JININ TALAKA SAI BABA TA GANI

Ranar 18 ga Maris, 2023 aka yi zaɓen gwamna a Kano. Rigima ta kaure kan wanda ya ci, aka garzaya kotu. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ranar 20 ga Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke nata ranar 17 ga Nuwamba, ita kuwa Kotun Ƙoli ta rufe magana ranar 12 ga Janairu, 2024. Hawa uku ke nan cikin ƙasa da wata 10. Ba wanda ya ce a dawo bayan dogon hutu, ba wanda ya ce mota ba mai.

To, ɗan uwa mai karatu ya ajiye wannan a hannun dama, ya ɗauki wannan a hagu. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa 6 a Abuja, maza 5 da mace 1, mazan 'yan kasuwar Apo ne, sannan aka ce wai 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnatin Obasanjo ta kafa ya ƙaryata wannan zance. Amma hukuncin kotun farko, ta farko fa, bai fito ba sai a watan Maris na 2017, inda aka yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa, aka sallami 3. Kusan shekara 12. Yaron da aka yaye a shekarar da aka zubar da jinin nan ya shiga sakandare kafin alƙali ya buɗe baki.

Ƙasa ɗaya ce, kotunan su ne dai, alƙalan ma su ne. Ina bambancin ya fito?

Ya fito ne daga sashe na 285 na kundin tsarin mulki. Bayan zaɓen 2007 'yan siyasa sun ɗanɗani abin da talaka ya saba sha: a Ekiti da Osun sai a ƙarshen 2010 kotu ta miƙa kujera ga waɗanda ta ce su suka ci, bayan wasu sun share fiye da shekara 3 a kai. Abin ya yi masu ciwo. Ba su yi wata-wata ba suka gyara kundin, suka rubuta wa'adi da lamba: kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a kowane hawa na ɗaukaka ƙara, ƙarar da ta wuce wa'adinta kuwa ta mutu. Amma wanda ake tuhuma da kisan kai, da iyalan wanda aka kashe, abin da sashe na 36 ya tanadar masu shi ne a saurare su cikin lokacin da ya dace. Ba lamba, ba rana. Lokacin da ya dace a wurin wa? Ashe sun san maganin, kansu kawai suka shafa wa.

Ya kamata samari su san yadda shari'ar kisa ke tsufa a hanya, don kada a ci gaba da ruɗarsu da cewa wai haka shari'a take. 'Yan sanda sukan kama mutum su kai shi kotun majistare, alhali sun san majistare ba shi da hurumin sauraron ƙarar kisa. Iyakar abin da zai yi shi ne ya tura shi gidan yari ajiya, a ce ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya bar ofishin 'yan sanda ko bai bari ba, Allah kaɗai Ya sani. In ya isa, ya hau kan tsibin 'yan uwansa. In shawarar ta fito aka shigar da ƙara a Babbar Kotu, sai a buɗe sabon babi: yau ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, gobe likitan da ya duba gawa bai zo ba, jibi ba motar da za ta kawo wanda ake tuhuma, gata lauya ya aiko da takarda yana wata kotu. Shaida talaka ya biya kuɗin mota daga ƙauyensu sau biyar, ya wuni a benci ba a kira shi ba, a karo na shida sai ya zauna a gonarsa, wa zai ga laifinsa? Alƙalai da yawa kuma da hannu suke rubuta duk abin da aka faɗa, kalma bayan kalma. Ga dogon hutun damina, ga yajin aiki, kamar na ma'aikatan kotuna a 2021 da ya rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata 2. Mafi muni, in alƙalin ya rasu, ko ya yi ritaya, ko aka ƙara masa girma, sai a koma farko, a sake kiran shaidun da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ba wai babu doka ba. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ce a riƙa zama kullum har a gama, in hakan ya faskara kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa 5, tsakanin zama da zama kada ya wuce kwanan aiki 14. Ta ba Ma'aikatar Shari'a kwana 14 ta fitar da shawararta. Jihohi ma sun yi irin tasu. Sai dai wa'adin da ba a ɗora wa mai saɓa shi komai ba, nasiha ce kawai, kuma ana jin ta ana wucewa.

Wannan duk a hawan farko ne. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana da haƙƙin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kuma haƙƙi ne da bai kamata a taɓa shi ba. Matsalar ita ce layin. Kotun Ƙoli ɗaya ce tal a Abuja, kuma can rigimar fili, da ta sarauta, da ta kwangila, da ta jam'iyya duk suke tarkatuwa. Da kakar zaɓe ta zo sai a ture komai gefe, tunda masu kujera ne ke da agogo. Limamin cocin nan na Legas da ake kira Rabaran King, an yanke masa hukuncin kisa a Janairun 2007, Kotun Ƙoli ba ta tabbatar ba sai a Fabrairun 2016.

Kada a ɗauka iyalan mamaci kaɗai ake zalunta. Kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. A duba shari'ar kisan Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. An tsare Manjo Hamza Al-Mustapha tun 1998, aka yanke masa hukuncin rataya a Janairun 2012, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Yulin 2013. Ko wane ɓangare mutum yake, lissafin bai fita ba. Shi ya yi kusan shekara 15 a tsare kan laifin da kotu ta ce ba a tabbatar ba, 'ya'yan marigayiya kuma sun yi shekara 17 suna jira suka tashi hannu rabbana. Wannan mai suna ne da manyan lauyoyi. Ina ga ɗan acaɓan da aka kwaso a samame, wanda uwarsa ba ta ma san gidan yarin da yake ba?

A nan ne fa ya kamata matasa su yi hattara, domin zuciya in ta ƙuna abin da take cewa shi ne a kama yau a kashe gobe. Ƙasar nan ta gwada wannan. Bayan kisan wasu shugabannin Ogoni 4 a 1994, gwamnatin Abacha ta kafa kotun musamman da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. A ƙarshen Oktoban 1995 ta yanke hukunci, ranar 10 ga Nuwamba aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 a Fatakwal. A 2025 aka ce an yi masu afuwa, bayan shekara 30 a kabari. Kafin nan, a 1981, jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello alhali ƙararsa tana gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce haramtaccen kisa ne. Wa zai dawo da shi? Ƙarshen wannan hanya kuwa shi ne abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, inda gungun mutane suka tare mafarauta 'yan Arewa a hanyarsu ta zuwa gida, suka ce masu garkuwa ne, suka kashe 16. Kowane gungu da ya ɗauki gora da fetur, hujjarsa ita ce in an kai kotu ba abin da za a yi. Jinkirin kotu ne ke ba shi wannan hujja, amma hujjar ba za ta fisshe shi ba, duniya da lahira. Saurayin da ya jefa dutse ɗaya a irin wannan taro ya shiga cikin jini.

Abin da ake nema shi ne a bi kowane hawa, amma a ɗaure shi da rana. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. A wasiƙar da Sayyidina Umar (RA) ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi ya yanka wa'adi ga wanda ya ce hujjarsa ba ta kusa, in ya kawo a ba shi haƙƙinsa, in ya kasa a yanke. Shari'ar da ta tsananta wajen karɓar shaida a kan jini, ita ce kuma ta ba waliyyan mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi, da diyya, da afuwa. A Babbar Kotu kuwa ƙarar ta gwamnati ce, uban mamaci ɗan kallo ne, sau da yawa a bakin masinja yake jin an ɗaga.

Masu cewa ba zai yiwu ba, Kano ta ba su amsa. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace ya kashe, an gano gawarta a Janairun 2022, ranar 28 ga Yuli na wannan shekarar Babbar Kotu ta yanke hukunci. Wata 6, da lauyoyi, da shaidu, ba a tsallake komai ba. Abin da ya bambanta shi ne idon duniya yana kai, gwamnati kuma tana jin kunya. Wanda aka kashe a rugar da ba ɗan jarida, ba shi da wannan gata, don haka sai doka ta zame masa gata.

A rubuta a kundin tsarin mulki cewa shari'ar kisa tana da kwanakinta a kowace kotu, kamar yadda ta zaɓe take da nata. Sai dai kada a kwafo hukuncin mutuwar ƙara, don in aka yi haka mai kisa zai saya wa kansa jinkiri ya fita. Wanda ya jawo jinkirin shi zai ɗauki nauyi: jami'in da ya danne fayil, lauyan da ya ƙi zuwa, alƙalin da ya wuce wa'adi ba dalili. A ware alƙalai don shari'ar jini kaɗai, a ba shaida kuɗin mota, a rage wa Kotun Ƙoli rigingimun fili da sarauta. Su ma gwamnoni su fito fili, domin mutum sama da 3,000 ne ke zaune da hukuncin kisa a wuyansu: wanda ƙararsa ta ƙare, ko a sa hannu ko a sassauta, a daina barin iyalai biyu a rataye.

Gyaran kundin yana buƙatar kashi 2 cikin 3 na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. An haɗa wannan adadi a 2010 don ƙararrakin zaɓe, aka sake haɗa shi don rigingimun fid da gwani, gyaran da aka sa wa hannu a 2018. Duk ɗan majalisar da ya shigo unguwa neman ƙuri'a, samari su tambaye shi ranar da za a haɗa shi don jini.