Tantin Miliyan Biyar da Makiyayin da Aka Kora

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an shafa fatihar ɗaurin aure, muna zaune a ƙofar gidan wani aminina sai ɗansa ya zo ya durƙusa ya miƙo mini waya. Bai daɗe da dawowa daga Kenya ba, inda ya kai iyalinsa yawon buɗe ido a dajin Masai Mara. Ya ce, "Baba, duba ka ga inda muka kwana." Na duba. Tanti ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Daɓen katako, gado mai rumfa, bahon wanka yana fuskantar kogi, ga dorina can tana nitso. Da asuba a kawo maka shayi har bakin ƙofa, a ɗauke ka a buɗaɗɗiyar mota ka je neman zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda. Da dare a hura wuta a zauna hira, sannan wani saurayi mai jan mayafi da mashi ya raka ka makwanci.

Na yaba, domin halittar Ubangiji abar kallo ce, kuma wanda ya nemi halalinsa yana da ikon hutawa da shi. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da yaron ya faɗa yana murna: "Wallahi Baba, sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ga gida ko garke ba, sai dabbobi." Tun ranar nake juya maganar nan. Ina mutanen suka tafi? Ƙasa mai ciyawa da ruwa irin wannan, a ina aka taɓa ganin makiyayi ya bar ta don ganin damarsa?

Masai Mara ta Kenya da Serengeti ta Tanzaniya daji ɗaya ne, iyaka ce ta raba su. Nan ne dabbobin nan masu kama da ɓauna, waɗanda ake kira nyumbu da Suwahili, sama da miliyan ɗaya, suke kewaya kowace shekara tare da jakunan dawa, su tsallake kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, kadoji na jiran su. Kuma nan ne Masai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo. Masai dai Fulanin can ne: saniya ce dukiyarsu, nono abincinsu, kuma ba su damu da naman dawa ba. Da su masu ƙarar da dabbobi ne, da Bature bai tarar da komai ba.

Amma da ya zo, su ya fara ɗagawa. A Kenya, yarjejeniyoyin 1904 da 1911 suka raba su da mafi kyawun makiyayarsu aka ba Turawa manoma. A Tanzaniya aka mai da Serengeti gandun daji a 1951, a 1959 aka kwashe su aka ce su koma Ngorongoro, can za su zauna da shanunsu ba mai taɓa su. A shekarar nan ce wani Bajamushe, Bernhard Grzimek, ya fitar da fim ɗin da ya sa duniya ta san Serengeti, shi kuwa ra'ayinsa gandun daji bai kamata ya haɗa da ɗan Adam ba, ko da asalinsa nan ne. Wannan tunani har yau shi ake sayarwa. Baƙon da ya biya kuɗin tanti ba gado da bahon wanka kaɗai ya saya ba. Ya sayi shirun dajin, ya sayi rashin ganin mutane.

Alkawarin Ngorongoro kuwa ina ya kwana? An hana su noma, an taƙaita inda shanu za su sha ruwa su lashi kanwa, yanzu kuma ana kwasar su zuwa Msomera a gundumar Handeni, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Gwamnati ta ce da yardarsu ake yi, kuma jama'a da dabbobi sun yi wa wurin yawa. To me ya fito da dubbansu a watan Agustan 2024 suka tare hanyar da motocin 'yan yawon buɗe ido ke bi? A Loliondo ma, a watan Yunin 2022, jami'an tsaro suka zo kafa turakun shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500. Aka yi harbi, mutane da dama suka ji rauni, ɗan sanda ɗaya ya rasa ransa, wasu suka tsere Kenya. Yankin nan tun a 1992 aka ba wani kamfani mai alaƙa da manyan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa izinin farauta a cikinsa. A kori mai sanda don a kare dabba, a bar mai bindiga ya zo da jirgi. Wannan ba kare daji ba ne, ƙwace ne.

A shekarar 2025 kamfanin Ritz-Carlton ya buɗe sansanin tantuna 20 a Masai Mara, kwana ɗaya na mutum ɗaya ya fara daga dala 3,500. A kuɗinmu kusan naira miliyan 5 ke nan. Ma'aikaci mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 6 bai ci ko kwabo ba kafin ya tara kuɗin dare ɗaya. Nawa ne daga ciki ke kaiwa hannun wanda kakansa ke kwance a ƙasar? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An mai da mai gida ɗan rawa da mai gadi, yana tsalle ana ɗaukar sa hoto.

Na san za a ce akwai wurare irin Naboisho da Mara North inda masu tantuna ke haya daga hannun Masai suna biyan su duk wata, ana ɗaukar 'ya'yansu aiki. Gaskiya ne, kuma shi ya nuna cewa ana iya yi ba tare da kora ba.

A nan gida ma, ba na gajiya da maganar burtali. Dokar makiyaya ta 1965 ta Jihar Arewa ta keɓe wa Fulani wuraren kiwo, muka zuba ido masu kuɗi suka yanka su gonaki, labi ya toshe, mashaya ta zama fuloti. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba, muna cikinsa. Ba ina wanke wanda ya ɗauki makami ba, mai laifi mai laifi ne. Amma duk ƙasar da ta raina mai sanda, ta ɗauki dabbar dawa ko kuɗin baƙo sama da shi, tana haƙa ramin da za ta faɗa.

Shi ya sa idan na ji ana cewa a kawo masu zuba jari su mai da Yankari kamar Kenya, sai in ce madalla, amma a tsaya. Yankari tana da abin nunawa: murabba'in kilomita 2,244, giwaye, zakuna, ga ruwan Wikki mai ɗumi da ba ya sauyawa rani da damina. An keɓe ta tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Ina ɗalibi na fara shiga Wikki, kuma ina son jikokina su shiga. A kafa tantunan, a kawo baƙin, mu ma mu ci dala. Sai dai a rubuta kason ƙauyukan da ke kewaye kafin a buga turke ɗaya. A biya manomin da giwa ta tattake wa dawa. A bar ƙofar da malamin firamare zai iya kawo ɗalibansa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna hanya a Kure: raƙuman dawa da suka rage 49 a 1996 sun haura 600, kuma a cikin gonakin mutane suke kiwo, ba wanda aka tasa.

Kai kuma da Allah Ya hore maka, je ka huta, ba mai hana ka. Amma kafin ka biya, tambayi mai tantin: ƙasar wa ce, kuma nawa yake samu? Idan ya kasa ba ka amsa, nemi wani wurin. Barcin da aka shimfiɗa a kan hawayen makiyayi ba hutu ba ne, haƙƙi ne, kuma haƙƙi ba ya barin mai shi.