Jami'a Ta Zo Ƙofar Gida, Saura Wuta Da Sabis

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyar gama kai da aka yi bayan yankan shinkafa an kawo wata shawara wadda ta raba kan jama'a. Waɗansu suka ce a ɗebi wani abu daga ajiyar ƙungiya a sayi faifan sola da batir da kwamfuta biyu, a sa a ɗakin da ke gefen majami'a domin 'ya'yanmu masu son karatun jami'a ta intanet. Waɗansu dattawa kuwa suka ce kuɗin na taki ne da injin ban ruwa, kada a taɓa. Mu dai muna bayan masu cewa a saya.

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman firamare da dama sun sami takardar NCE ta hannun cibiyar horar da malamai ta Kaduna, watau NTI, wadda aka kafa a 1976. Suna koyarwa da rana, da dare su hura fitila su yi nasu karatun. Buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa, watau NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Abin da ya sake shi ne, yanzu rajista da littattafai da aikin gida duk ta intanet suke bi. Jarrabawa ce ake zuwa cibiya a rubuta, kamar wadda ke Dutse.

Ku duba lissafin da kanku. Yaron da ya sami shiga jami'a a Kafin Hausa ko Dutse, ban da kuɗin makaranta akwai na ɗaki da abinci da mota, ga shi kuma gida ya rasa hannu ɗaya lokacin dashe. Iyaye nawa ne a cikinmu za su iya ɗaukar wannan shekara huɗu? Amma mai karatu daga gida zai yi ban ruwan tattasai ko alkama da safe, da yamma ya zauna ga littafi. Matar aure ma, wadda ba za ta bar yara ta tafi wani gari ba, ƙofa ta buɗe mata. Zumuntar mata su lura da wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da sabis. A cikin garin Haɗeja da sauƙi, amma a ƙauyukan fadama sau da yawa sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Cajin waya sai an biya. A 2025 kuma hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Ɗalibi ɗaya shi kaɗai, wannan ya isa ya sa ya watsar da karatun a shekarar fari. In kuwa su goma ne a ɗaki ɗaya, littafi sau ɗaya za a sauke shi, kowa ya kwafa. Ashe ba don irin haka muka haɗa kai muna sayen taki a buhu maimakon a mudu ba?

Tsoron dattawa yana da tushe, gama mun ga inda ɗakin karatu ya zama ɗakin kallon ƙwallo. Saboda haka lalle a naɗa mai riƙon mabuɗi da littafin shiga da fita, kamar yadda muke yi da sito. Kowane ɗalibi ya riƙa ba da wani abu, ko da tiyar shinkafa ce a kaka, domin batir yakan mutu. Kada kowa ya biya ko kwabo ga wata makaranta sai an tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da ita, don 'yan damfara sun yi yawa a waya. Kayan kuma a ɗora su bisa kanta mai tsawo. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ba sai an gaya masa dalili ba.

Muna kuma roƙo kada a rufe ƙofar ga 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. Tare muke shiga ruwa muna yankan kachalla don kogi ya sami hanya, kuma yawan masu biya shi zai sauƙaƙa wa kowa kuɗin data.

Ma'aji zai kawo farashin kayan a taro mai zuwa. Duk mai yaro ko yarinya da ta gama sakandare tana zaune, ya zo da ita, a ji daga bakinta kafin a ɗaga hannu.