Kwamfutar makaranta ta tashi da kanta, amma mutum ya riƙa duba ta

Ƴan uwa malamai da iyaye, yau ina son mu yi magana kan wata ƴar kwamfuta da akan ajiye a ofishin darakta ko a ɗakin karatu, wadda masana ke kira uwar garke. A cikinta ake zuba littattafai da darussa da hotunan bidiyo, yara su shiga da salula ko kwamfuta ba tare da intanet ba. Manhaja irin Kiwix tana ɗauke da Wikipedia sukutum, Kolibri kuma tana ɗauke da darussa, kuma dukansu na iya aiki a kan na'urar Raspberry Pi da ba ta wuce tafin hannu ba. Ra'ayina shi ne kada makaranta ta karɓi irin wannan kaya sai an saita shi yadda zai riƙa tayar da kansa idan ya tsaya, kuma sai an naɗa wanda zai riƙa duba shi.

Dalili shi ne yadda na'urar ke aiki. A cikinta akwai manhajoji da ke gudana a bayan fage, ba wanda ke ganinsu: wata na raba Wi-Fi, wata na miƙa shafuka, wata na riƙe da sunayen ɗalibai da makinsu. Ɗaya daga cikinsu na iya tsayawa alhali fitilar na'urar na nan a kunne. Yaro ya buɗe shafi ya ga wayam, malam ya ce abin ya lalace, a rufe shi da zane a jira mai gyara daga Yamai ko Damagaram. Littattafan na nan a ciki lafiya lau, rijiya ta bayar guga ya hana.

A ƙasarmu abin da ke kawo tsayawar ba boyayye ba ne. Wuta na ɗaukewa ba sallama, kuma duk mun tuna yadda aka yanke layin da ke kawo ta daga Najeriya a watan Agusta na 2023. Zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40, daidai lokacin da masu BEPC da BAC suka fi bukatar bita. Ƙura na toshe kafofin shan iska. Katin ajiya kuma yakan samu matsala idan wuta ta yanke ana cikin rubutu a kansa.

Maganin bai bukatar sayen komai. Yawancin waɗannan na'urori na amfani da Linux, kuma a cikinsa akwai wani mai gadi da ake kira systemd, wanda Debian da Ubuntu suka ɗauka tun 2015. Layi ɗaya ake rubuta masa ya san cewa duk lokacin da wata manhaja ta faɗi sai ya sake tayar da ita, umarni ɗaya kuma ya sa ta tashi tare da na'urar. Akwai kuma Monit, ita ma kyauta ce, wadda ke ƙwanƙwasa ƙofar manhaja lokaci zuwa lokaci, idan ba a amsa ba ta tayar da ita. Wannan na da muhimmanci, domin manhaja na iya sandarewa ba tare da ta mutu ba, systemd ya ɗauka lafiya take. Babbar kwamfuta ta tebur ma ana iya saita ta ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo.

Na san akwai masu cewa wannan tsari na rufe cuta, kuma suna da gaskiya. Manhajar da ke faɗuwa sau goma a rana ana tayar da ita tana da dalilin faɗuwarta: ko wurin ajiya ya cika, ko zafi ya yi yawa, ko katin ya fara mutuwa. Idan ba wanda ya lura, wata rana za ta faɗi ba tashi, ta tafi da makin yara na wata da watanni. Shi kansa systemd, a saitinsa na asali, idan ya ga manhaja ta tashi sau biyar cikin daƙiƙa goma tana faɗuwa, yakan ƙyale ta. Waɗanda suka ƙera shi sun san akwai inda dole sai mutum ya sa hannu.

Saboda haka nake cewa a haɗa biyun. Na'urar na rubuta kowace faɗuwa da lokacinta a rajistarta. Malami ɗaya ya duba sau ɗaya a mako, ya rubuta adadin a littafi, idan ya ga yana ƙaruwa ya kira mai gyara tun abin bai yi nisa ba. A kwafe makin yara a wani wuri dabam duk ƙarshen mako. Malamai za su ce aiki ya riga ya yi musu yawa, kuma ban musa ba. Shi ya sa ya kamata kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, da ƙungiyar iyayen yara su amince da wannan aiki a rubuce, su ba malamin kuɗin kira, su kuma sa a koya wa mutum biyu, domin ana yi wa malamai canjin wurin aiki.

Ga shawarata ga iyaye ranar da aka kawo kayan. Kafin a ɗauki hoto a sa hannu, ku ce wa wanda ya kafa na'urar ya tsayar da manhajar a gabanku kamar ta faɗi, ku ga ko za ta dawo. Ya kashe wutar ya maido, ku ga ko yaro zai iya buɗe shafi ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ya nuna wa malamai biyu inda rajistar take, ya bar bayani a takarda da lambar da za a same shi. Idan ya ce sai wani zuwan, ku ma ku ce sa hannun sai wani zuwan.