Muryar Mawaƙi a Hannun Na'ura

A shekarar 2023 an ga fuskoki biyu na ƙirƙirarriyar basira a fagen waƙa. A watan Afrilu, wani da ya ɓoye sunansa ya saki "Heart on My Sleeve", inda na'ura ta kwaikwayi muryoyin Drake da The Weeknd ba da izininsu ba. Kamfanin Universal Music Group ya yi ƙorafi, aka sauke waƙar daga Spotify da Apple Music. A watan Nuwamba kuwa, ƙungiyar The Beatles ta fitar da "Now and Then". A nan aikin na'ura shi ne raba muryar John Lennon, wanda aka kashe a 1980, da sautin fiyano a wani tsohon kaset da ya ɗauka a gidansa, bisa yardar iyalinsa.

Ma'aunin da ya kamata a auna kowane irin wannan aiki da shi tambayoyi biyu ne: shin mai muryar ya furta waɗannan kalmomi, kuma shin shi ko magadansa sun yarda?

Tambayoyin sun fi nauyi a waƙar baka ta Hausa, domin makaɗi yana yabo, yana zambo, yana habaici, kuma jama'a na ɗaukar maganarsa a matsayin shaida kan mutuncin wanda ya ambata. Idan na'ura ta tace tsohon kaset na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har baitin da ƙarar kalangu ta danne ya fito sarai, ta yi wa ilimi hidima. Idan kuwa ta ari muryarsa ta zambaci wani ɗan siyasa na yau, to an yi wa mamaci ƙazafi, an kuma zubar da mutuncin rayayye.

Wasu na cewa kwaikwayo ba sabon abu ba ne, tunda ɗan amshi ma ta haka yake koyon sana'ar ubangidansa. Gaskiya ne, amma ɗan amshi yana da suna da fuska. Masu sauraro sun san shi ne, kuma idan ya yi ɓatanci ana iya kiransa ya amsa. Muryar da na'ura ta haɗa ba ta da wanda za a tuhuma.

Jihar Tenesi ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ke kare muryar mawaƙi daga irin wannan kwaikwayo. Kafin irinta ta iso ƙasashen da ake jin Hausa, nauyi yana wuyan ɗalibi mai nazari. Duk waƙar da zai kafa hujja da ita, wajibi ne ya bayyana inda ya samo ta, ko gidan rediyo ne, ko kaset, ko iyalin makaɗin. Wadda aka turo masa ta WhatsApp ba tare da asali ba, ya ajiye ta gefe har sai ya tabbatar.