Ranar yaye ba a hannun yarinya take ba

A ƙauyukan Dogondutsi da Tibiri, mata da yawa suna haihuwar fari kafin su cika shekara 18. Ma'aikatan lafiya sun ce a ba jinjiri nono zalla har wata 6. Bayan nan a haɗa da kunu, har shekara 2. To, me ke hana ƙaramar uwa ta kai ga haka?

Na farko, kunyar ɗan fari. Ba ta son a gan ta tana shayarwa. Na biyu, aikin damina. Tana gona, jinjiri yana gida. Na uku, rurrutsa. Da ciki ya shiga, sai a ce nono ya ɓaci, a kai yaro wajen kaka rana guda. Alhali ciki ba ya ɓata nono. Yayen gaggawa shi ke jawo zawo da tamowa.

Mu dai a ganinmu, magana tana hannun maigida da uwar miji. Ku rage mata daka da ɗibar ruwa. Ku ƙara mata fura da wake. Ku raka ta likita a yi shawarar tazarar haihuwa. Ita ma yarinya ce, jikinta bai gama girma ba.